Hatsarin Shoreham: Kafin A Zargi Yanayi, A Duba Hukuncin Da Mutane Suka Yanke

Ranar Asabar 22 ga Agustan 2015, da misalin ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana, wani tsohon jirgin yaƙi samfurin Hawker Hunter, ƙirar shekarun 1950, ya faɗo kan babbar hanyar A27 da ke gefen filin jirgin sama na Shoreham a kudancin Ingila, ana tsakiyar bikin wasan jiragen sama. Mutum 11 suka rasu, kuma dukkansu a wajen shingen filin suke. Wasu sun tsaya kallo a bakin titi, wasu kuwa wucewa kawai suke yi. Akwai matasa biyu 'yan ƙwallon ƙafa da ke kan hanyar zuwa wasa, akwai dattijon direba da ya fito ɗauko amarya zuwa wurin ɗaurin aure. Matuƙin jirgin ya tsira da munanan raunuka.

Muna waiwayar wannan hatsari ne saboda wata ɗabi'a da ta game duniya, har da mu. Duk lokacin da jirgi ya faɗi, tambayar farko da ke fitowa daga bakin jama'a ita ce, yaya garin yake? An yi hadari? An yi hazo? Masu hasashe sun faɗa ko ba su faɗa ba? A Shoreham amsar a fili take. Rana ce ta bazara, sama tas, ana hangen nesa, irin ranar da masu shirya biki suke roƙon samu. Ko zafin rana, wanda yakan rage wa injin jirgi ƙarfi saboda iska mai zafi ba ta da kauri, abu ne da matuƙi yake lissafawa tun yana ƙasa. Duk da haka aka rasa rayuka 11.

Mutanen Ingila sun shahara da hirar yanayi. Ƙasarsu tana kan tsibiri ne da iskar Tekun Atlantika take kaɗawa dare da rana, ana iya ganin rana da yayyafi da iska duk kafin la'asar. Su ne kuma kan gaba wajen yi wa masu hasashe ba'a. An kafa ofishin kula da yanayi na ƙasar a 1854 ƙarƙashin Robert FitzRoy, tsohon hafsan sojan ruwa, kuma a 1861 ya fara buga hasashe ga jama'a a jarida, bayan guguwar 1859 da ta nutsar da jirgin ruwa mai suna Royal Charter da ɗaruruwan mutane. Tun a wancan zamanin aka fara yi masa dariya duk ranar da hasashensa ya kuskure. A watan Oktoban 1987 wani mai gabatar da labarin yanayi a talabijin na BBC, Michael Fish, ya kwantar wa masu kallo hankali game da jita-jitar zuwan mahaukaciyar guguwa. A daren ne iska ta far wa kudancin ƙasar, ta kashe mutum 18, ta kayar da bishiyoyi kimanin miliyan 15. Har yau ana tuna masa. Dubban ranakun da hasashe ya yi daidai kuwa, ba mai riƙe lissafinsu.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake wannan aiki, domin rashin sani ne yake haifar da raini. Ana tattara awon zafi da danshi da nauyin iska da gudunta daga tashoshin ƙasa, da balan-balan da ake saki sama, da jiragen ruwa da na sama, da taurarin ɗan'adam. Sai a zuba su cikin manyan kwamfutoci su lissafa yadda iska za ta motsa. Tun a shekarun 1960 masanin Amurka Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan ƙaramin kuskure a awon farko yakan girma har ya sauya sakamakon gaba ɗaya bayan 'yan kwanaki. Shi ya sa a yau ake maimaita lissafin sau da yawa, kowane karo da ɗan bambanci, a ga sau nawa ruwa ya fito. Idan aka ce akwai yiwuwar ruwa kashi 70 cikin 100, ma'anarsa a cikin ranaku goma masu irin wannan yanayi, za a yi ruwa a bakwai, uku kuma ba za a yi ba. Wanda ya faɗa cikin ukun nan ya ce an yi masa ƙarya, bai fahimci abin da aka gaya masa ba ne. Hukumar kula da yanayi ta Amurka tana ƙiyasta cewa hasashen kwana biyar yakan dace kusan sau tara cikin goma, na kwana bakwai kusan sau takwas, na kwana goma kuwa rabi da rabi ne.

Harkar jiragen sama ba ta dogara da hasashen da ke cikin wayar hannu. Kowane babban filin jirgi yana fitar da rahoton halin da sama take ciki duk rabin awa ko duk awa: ƙarfin iska da inda ta fito, nisan da ido ke iya hange, tsayin gajimare daga ƙasa. Masu wasan jirage ma suna da tsari fiye da ɗaya, na ranar da sama take buɗe da na ranar da gajimare ya sauko. Saboda haka da wuya yanayi ya zo wa matuƙin wasa ba zato.

To me ya faru a Shoreham? Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Birtaniya ta ɗauki fiye da shekara ɗaya da rabi kafin ta fitar da rahotonta na ƙarshe a watan Maris na 2017. Matuƙin ya so yin alkafura ne a sama, wato ya miƙe tsaye, ya kifa, ya zagayo ya dawo. Ya fara juyin daga tsayin ƙafa 185, alhali iyakar da aka yarda masa ita ce ƙafa 500. Gudunsa bai kai yadda ake buƙata ba, injin kuma bai ba da cikakken ƙarfinsa ba lokacin hawa. Da ya kai ƙololuwa yana kan ƙafa 2,700 ne, alhali mafi ƙarancin tsayin da zai ba shi damar kammala juyin lafiya shi ne ƙafa 3,500. A wannan gaɓa akwai dabarar fasa juyin a tsira, amma bai yi ta ba, kuma rahoton ya nuna ba a horar da shi kan wannan dabara a irin wannan jirgi ba. Masu binciken sun kuma gano cewa tsarin tantance haɗari na bikin bai yi wa mutanen da ke wajen filin tanadin da ya dace ba, ga shi an san jama'a sukan taru a mahaɗar titin da jirgin ya faɗa.

Martanin jama'a ya zo da zafi, kamar yadda aka saba. Kafin gari ya waye hotunan bidiyon faɗuwar jirgin sun zaga duniya. Wasu suka ce a haramta wasan jirage gaba ɗaya, wasu suka ɗora laifin kan tsufan jirgin, masoya wasan kuma suka tashi kare shi. Cikin kwana biyu bayan hatsarin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasar ta dakatar da tashin duk jiragen Hunter, ta kuma hana tsofaffin jiragen jet yin alkafura a kan tudu, sai dai su wuce kawai a gan su. Shari'a kuwa ta ɗauki lokaci. A watan Maris na 2019 masu taimaka wa alƙali a kotun Old Bailey da ke Landan suka wanke matuƙin daga tuhumar kisa ta hanyar sakaci, bayan lauyoyinsa sun kafa hujja da cewa ƙarfin juyin ya taɓa masa hankali. A watan Disamban 2022 jami'ar binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa an kashe mutanen 11 ba bisa ƙa'ida ba. Iyalan sun jira fiye da shekara bakwai kafin su ji wannan magana. Wanda ya yanke nasa hukuncin a daren farko, bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan bayanai.

Tarihin manyan haɗurran wasan jirage yana nuna abu guda. A Farnborough, a Ingila, a 1952, jirgi ya tarwatse a sama saboda matsalar ƙira, ɓaraguzansa suka kashe 'yan kallo 29. Daga nan aka kafa dokar tazara tsakanin jirgi da taro. A Ramstein ta Jamus, ranar 28 ga Agustan 1988, jirage uku na ayarin sojan saman Italiya suka yi karo, ɗaya ya afka cikin jama'a, mutum 70 suka mutu. Jamus ta dakatar da irin wannan wasa na wasu shekaru, sannan aka hana jirgi yin juyi yana fuskantar 'yan kallo. A Sknyliv, kusa da birnin Lviv na Yukiren, ranar 27 ga Yulin 2002, jirgin Su-27 ya faɗa cikin taro ya kashe mutum 77, aka ɗaure matuƙansa. A cikin waɗannan duka babu inda aka samu hadari ko hazo da laifi. Tazara ce, da tsari, da horo, da hukuncin da wani ya yanke cikin daƙiƙu. Mai zargin sama a irin wannan hali ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Mu a nan Najeriya mun ɗanɗana ɗaya gefen al'amarin, inda yanayi ya yi muni, gargaɗi kuma yana nan. Ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin kamfanin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah Ya jiƙan su. An sanar da matuƙan cewa iska tana ƙaruwa. Matuƙan wani jirgin suka ce za su jira gari ya lafa. Rahoton bincike ya ɗora musabbabin kan shawarar tashi cikin mummunan yanayin da aka sani, da kuma rashin bin ƙa'idar kuɓuta daga iskar da ke sauya alƙibla kwatsam. Ranar 28 ga Satumban 2018 kuma jiragen yaƙi biyu na rundunar sojan saman Najeriya suka yi hatsari a Abuja suna atisayen bikin cikar ƙasa shekara 58 da samun 'yancin kai. Ɓaraguzansu suka faɗa yankin Katampe, matuƙi ɗaya ya rasu. Allah Ya taƙaita, ba a rasa rai a ƙasa ba, amma birni ne mai cike da jama'a.

Gaskiya ne hasashen ruwan sama a yankinmu ya fi na Turai wahala. Hadarinmu yakan haɗu ne cikin 'yan awanni, ya taso daga gabas, a Kano ya jiƙa Hotoro sharkaf ya bar Kurna da ƙura. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta daɗe tana kokawa cewa tashoshin awo a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na yawan da ake buƙata ba. Amma akwai abubuwan da ake iya gani tun daga nesa. Ƙurar hunturu da ke hana jirage sauka a Kano da Maiduguri daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi mafi yawanta take tasowa, kuma tauraron ɗan'adam yana ganin tashinta kafin ta iso mana. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana yi wa ƙasashen Sahel irin wannan aiki. Matsalar ita ce labarin yakan tsaya a ɗakin taro a Abuja, da Turanci, bai kai ga manomi da matuƙin kwalekwale da direban babbar mota ba. Imani da ƙaddara kuwa bai taɓa hana riƙo da sababi ba.

Saboda haka muna kira ga NiMet da ta riƙa bayyana wa jama'a a kai a kai sau nawa hasashenta ya dace, sau nawa ya kuskure, domin da haka ake samun amana. Gidajen rediyo su ware wa labarin yanayi lokaci tsayayye kowace rana, da Hausa mai sauƙi, tare da faɗin gwargwadon tabbacin da ake da shi. Rundunar sojan sama da duk mai shirya wasan jirage su nisanta atisaye daga unguwanni da manyan tituna, su tuna cewa waɗanda suka mutu a Shoreham ba su shiga filin ba. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, ta riƙa fitar da rahotanninta a kan lokaci, a kuma tabbatar an yi aiki da shawarwarin da ke ciki. Kamfanonin jirage kada su matsa wa matuƙin da ya ce zai jira. Fasinjoji ma su rage zagin ma'aikata idan an ɗaga tafiya saboda hazo ko hadari, domin jinkirin awa uku ya fi zaman makoki.

Ga mai karatu kuma, idan hatsari ya auku, a yi wa mamata addu'a, a guji yaɗa hotunan gawawwaki, a jira masu bincike su gama aikinsu kafin a yanke hukunci. Idan kuma aka yi gargaɗin ambaliya ko guguwa a yankinku, ku ɗauki mataki ko da na bara bai tabbata ba.