Zaftarewar Dusar Ƙanƙara: Abin Da Ya Auku A Rigopiano

A ƙasashen da ke da manyan tsaunuka, kamar Italiya da Ostiriya da Suwizalan, shigowar hunturu kan zo da fargaba guda, watau zaftarewar dusar ƙanƙara. Dusar da ta taru a gangaren tsauni kan ɓalle gaba ɗaya, ta gangaro da gudun da ya fi na mota, tana tumɓuke itatuwa, tana binne gidaje da mutane.

Masana sun daɗe da gane yadda abin yake faruwa. Dusa takan kwanta ne hawa-hawa. Idan guguwa ta jibge sabuwa mai nauyi a kan tsohuwa mai rauni, iska kuma ta tattaro ƙari ta tula a gefe guda, sai ta ƙasan ta gaza ɗaukar kayan. Akasarin zaftarewa na aukuwa ne a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, kuma hatsarin ya fi tsanani yayin guguwar da kwana ɗaya ko biyu bayanta. Saboda haka ne tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'aunin gargaɗi mai mataki 5, wanda ake sanarwa kullum a lokacin sanyi.

To, da yake ilmin yana nan, me ke sa ana ci gaba da asarar rayuka? Abin da ya auku a otal ɗin Rigopiano, a gindin tsaunin Gran Sasso da ke jihar Abruzzo ta Italiya, ya ba da amsa. Ranar 18 ga Janairu, 2017, bayan an kwana ana zuba dusa, ga kuma girgizar ƙasa da aka yi ta yi tun da hantsi, baƙin otal ɗin suka ɗaure kayansu don su tafi. Amma hanya ɗaya tak da ke sauka zuwa garin Farindola ta toshe. Gargaɗin ranar ya kai mataki na 4. Shugabannin otal sun aika wa hukuma saƙon neman ɗauki, duk da haka motar share hanya ba ta zo ba. Wajen ƙarfe 5 na yamma dusar ta ɓalle ta rufta wa ginin. Cikin mutum 40 da ke wurin, 29 suka rasu, 11 suka tsira.

Wani abin takaici shi ne, da aka buga waya aka ba da labari, jami'an da suka amsa ba su gaskata ba da farko. Masu ceto ba su isa ba sai da asubahin gari, su ma a ƙafa, bisa katakon sulu. Alhali kuwa ƙididdigar da aka yi a Suwizalan ta nuna cewa wanda dusa ta binne, in an tono shi cikin minti 15, galibi yakan rayu, amma bayan rabin sa'a sai ƙalilan. Waɗanda aka zaƙulo da rai a Rigopiano bayan kwana biyu, ɓaraguzan gini ne suka bar musu wurin numfashi.

Daɗin daɗawa, bincike ya gano cewa tun 1992 jihar Abruzzo ta kafa dokar da ta wajabta zana taswirar wuraren da zaftarewa ke iya aukuwa, amma shekara 25 suka shuɗe ba a kammala ta ba. A 2023 kotu ta yanke wa magajin garin Farindola da wasu jami'an lardi hukuncin ɗauri, ta sallami mafi yawan waɗanda ake tuhuma, abin da ya fusata iyalan mamata.

Babu mahalukin da zai hana dusa zuba, amma rufe hanya da kwashe jama'a kafin guguwa, da ajiye kayan aiki cikin shiri, da hana gini a bakin kwari, duk aikin hukuma ne. Hausawa kan ce rigakafi ya fi magani. Ya kamata ma'aikaci ko'ina yake ya lura cewa takardar da ya bari a kan teburinsa yau, wataƙila rayukan mutane ne ke rataye da ita.