Wasiƙa a Buɗe Zuwa Ga Masu Aikin Kwamfuta na Jalingo

'Yan'uwa masu shagunan buga takardu na titin Hammaruwa da titin Barde, da na bakin Jami'ar Jihar Taraba, da akawun makarantu da ƙungiyoyin adashi. 

Maganata a kan kwafa da mannawa ce a Excel. Abin da ido ke gani a cikin akwati daban, abin da manhajar ta riƙe a ciki daban, kuma daga nan ne yawancin rigimarmu da masu kawo aiki take tasowa.

Mu fara da sifili, domin shi ya fi jawo zagi. Lambar asusun banki ta NUBAN alƙaluma 10 ce, kuma a wasu bankuna da sifili take farawa. Lambar waya kuwa 11 ce, kullum sifili ne a gabanta. Da ka manna su, Excel zai ɗauke su lambobin lissafi ya jefar da sifilin gaba. Sai jadawalin albashi ya tafi banki da alƙaluma tara, a dawo da shi, ma'aikata su kwana suna tsine wa akawu. Kafin ka manna komai, mayar da dukan layin zuwa Text. Bayan an manna, mayar da shi Text ba ya dawo da sifilin. Lamba mai tsawo ta fi muni: Excel alƙaluma 15 kaɗai yake riƙewa, na 16 sai ya mayar da shi sifili, kuma babu dabarar da za ta dawo da shi.

Idan ka kwafi jimla ta koma #REF! ko ta ba da wani adadi, ƙa'idar lissafin ka ɗauko, ba sakamakon ba. Danna Ctrl da Alt da V, ka zaɓi Values. Kwanan wata ma a sa masa ido: kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka tana karanta 3/4 a matsayin 4 ga Maris.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mannawa a kan jadawalin da aka tace. Ka ware ɗaliban aji guda, ka manna makinsu, ashe makin ya shige har cikin layukan da ke ɓoye. Allo ba zai nuna maka komai ba. Sai ranar da uba ya zo da takardar ɗansa a hannu. Cire tacewar tukuna, ko ka jera bayanan ta yadda na ajin za su haɗu wuri ɗaya.

Kada wani ya ce wannan kuskuren ƙananan shaguna ne. A 2003 kamfanin lantarki na TransAlta a Kanada ya yi asarar dala miliyan 24 saboda layukan da suka goce wajen mannawa.

Ni dai ban yarda da gaggawar da mai aiki ke sa mu ba. Ko yana tsaye a kanka yana cewa motar Yola za ta tashi, adana kwafin asali da wani suna, ka gwada jimlar tsohon jadawali da ta sabo, sannan ka karanta masa lambobin asusu uku ko huɗu da baki kafin ka buga.

Wassalam, naku abokin sana'a.