Baƙon Ɗan Kyanwa a Gidan Tsohuwar Mage

Wani abokinmu ya aiko da tambaya, wai ya samo ɗan kyanwa domin ya taya tsohuwar magensa tsaron rumbu, amma da ta gan shi sai ta harzuƙa, har ta daina cin abinci. To, Malam, gaggawa ka yi. Kyanwa da hanci take sanin nata. Ka ware baƙon a ɗaki dabam kwana 14, da kaskonsa na abinci da na ruwa. Kullum ka shafa tsumma a kumatunsa, ka ajiye inda take kwana, har ta saba da warin jikinsa, sa'an nan su hangi juna ta bakin ƙofa.

Warewar nan kuwa tsari ce ga tsohuwar, gama ɗan kyanwa yakan zo da tsutsar ciki, ko ƙuma, ko mura wadda ba ta bayyana sai bayan kwanaki. Ka kai shi ga likitan dabbobi: allurar riga-kafi ta farko yana da mako 8 ko 9, ta haukan kare a mako 12. Nonon shanu yakan sa shi zawo. Kada kuma tausayi ya sa ka ba shi farasitamol, ƙwaya guda tana iya kashe kyanwa.