Wa Ya Fara Cin Amana, Morgana Ko Merlin?



Kwanakin baya na shiga motar haya daga Jega zuwa Aliero. A cikin fasinjojin akwai ɗalibai biyu na jami'a, saurayi a gaba, budurwa a baya. Ba mu gama fita gari ba gardama ta ɓarke tsakaninsu a kan fim ɗin Merlin. Shi yana cewa Morgana butulu ce, an rene ta a fada, ta tashi ta ci amanar gidan da ya rene ta. Ita kuwa tambaya ɗaya take ta maimaita masa: to wa ya fara ba wani guba? Direba, wanda na zaci hankalinsa na kan hanya, sai ya sa baki ya ce shi dai bai taɓa ganin bara mai amana kamar Merlin ba, da zai sami yaron mota irinsa da ya huta. Aka yi dariya, muka iso Aliero, kowa ya kama gabansa. Amma tambayar yarinyar nan ta bi ni har gida, ta sa na sake kallon wasu sassan fim ɗin da idon mai rubutu. Abin da na gani ya shafi alƙalaminmu kai tsaye.

Ga wanda bai kalla ba, Merlin fim ne mai dogon zango da BBC ta nuna daga 2008 zuwa 2012, zango biyar, kashi 65. Mu nan ya iso mana ta faifan CD, daga baya ta hannun masu tura fina-finai a waya. Labarin wani saurayi ne da aka haifa da sihiri, ya zo birnin Camelot inda Sarki Uther ya haramta sihiri, duk wanda aka kama hukuncinsa kisa. Ya zama baran yarima Arthur, yana ta ceton ransa a ɓoye, shi kuwa yariman yana ɗaukarsa wawan bara. Matsayin sihiri a addininmu sananne ne, ba shi na zo tattaunawa ba. A wannan labari tatsuniya ce, kamar yadda dodo da aljani suke shigowa tatsuniyoyin kakanninmu. Halayen mutanen ciki su ne abin dubawa.

Masu zagin Morgana sun manta yadda ta fara. A zangon farko, duk fadar Uther babu mai tausayinta da ƙarfin halinta. Ita ta ɓoye yaron nan Mordred a ɗakinta lokacin da dakaru suke farautarsa. Ita ta bi Merlin har ƙauyensu, Ealdor, ta ɗauki takobi don kare mahaifiyarsa da mutanen garin daga 'yan fashi. Da aka kashe mahaifin baiwarta Gwen, wani maƙeri da bai san hawa ba bai san sauka ba, ita ta tsaya gaban Uther ta gaya masa gaskiya, har ya sa aka ɗaure ta da sarƙa a kurkuku. Wannan ita ce matar da daga baya ta zama bos.

Ruwa ba ya tsami banza. Morgana ta fara mafarkai suna zama gaskiya, har wata rana wuta ta kama a ɗakinta da kallonta kawai. Ku sa kanku a matsayinta: kina zaune a gidan mutumin da yake kashe masu irin abin da ya bayyana a jikinki, kuna cin abinci a faranti ɗaya. Likitan fada, Gaius, ya san abin da ke damunta, amma sai ya riƙa ba ta maganin barci yana nuna mata ba komai. Ta je wurin Merlin cikin firgici. A duk birnin shi kaɗai ne zai iya ce mata ki kwantar da hankalinki, ni ma haka nake. Bai faɗa ba. Ya dai taimaka mata ta je wurin mutanen daji masu irin baiwarta, amma nasa sirrin ya binne shi, domin Gaius da dodon nan mai feshin wuta da ke ɗaure ƙarƙashin fada sun gargaɗe shi.

Sai maganar gubar. A ƙarshen zango na biyu, Morgause ta jefa wa birnin barci, ta ɗaura tsafin a jikin Morgana ba tare da ita ta san ita ce maɗaurinsa ba. Dodo ya ce wa Merlin ba mafita sai ta mutu. Merlin ya zuba guba a salkar ruwa, ya miƙa mata, ya yi ta lallashinta ta sha. Ta sha saboda ta yarda da shi. Ya riƙe ta tana shure-shure, shi kuma yana hawaye. Birni ya tsira, Morgause ta ɗauke ta ta ceci ranta, amma Morganar da muka sani ba ta dawo ba.

Abin bai tsaya kanta ba. An gaya wa Merlin cewa Mordred ne zai kashe Arthur. A zango na biyar Mordred ya girma, ya zama barde mai biyayya ga Arthur, har ya tare masa mashi da jikinsa. Yana kwance rai a hannun Allah, sai aka ba Arthur zaɓi: ya karɓi tsohon addinin masu sihiri ko ya ƙi. Arthur ya juya ya nemi shawarar baransa. Wannan ita ce ranar da Merlin ya shekara yana jira, ranar da za a daina kashe irinsa. Amma saboda yana zaton ƙin amincewa zai sa Mordred ya mutu, sai ya ce wa Arthur sihiri ba shi da wuri a Camelot. Suka dawo gida suka tarar Mordred ya warke sarai. An gudu gara an faɗa gidan zago. Daga baya da Mordred ya shirya guduwa da budurwarsa Kara daga kurkuku, Merlin ne ya kai wa Arthur labari. Aka rataye Kara, Mordred ya koma wurin Morgana, kuma takobinsa ne ya yi ajalin Arthur.

To ga ra'ayina. Direban nan ya yi gaskiya da ya ce Merlin bara ne na gari, amma ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata marubuci ya raba su: biyayya da amana. Biyayya mutum ɗaya kake yi wa, ubangidanka. Amana kuwa tana wuyanka game da duk wanda ya saki jiki da kai. Merlin ya cika biyayyarsa ga Arthur har ƙarshe, amma kuɗin da ya biya ta da shi amanar wasu ce: ta Morgana, ta Mordred, da ta dukan masu irin baiwarsa da suka sa rai a kansa. Abin takaici, wanda ya yi duk wannan dominsa bai tsira ba. Ko shi kansa Merlin, a kashi na ƙarshe, ya amsa cewa yana ganin laifinsa a abin da Morgana ta zama.

Na san za a ce mini ba shi da zaɓi, ran mutum ɗaya ne a gefe guda, ran birni guda a ɗaya gefen. Na yarda zaɓin mai nauyi ne, kuma da ni ne a wurin ban san abin da zan yi ba. Sai dai ranar gubar ba daga sama ta faɗo ba, shirun da ya yi mata tun farko ne ya haife ta. Haka kuma ba wanke Morgana nake yi ba. Matar da ta hau gadon sarauta ta sa aka harbi talakawa a filin fada don ta karya zuciyar barade, wannan ta yi zalunci, ba uzurin da zai goge shi. An zalunce ka dalili ne na fushi, bai zama lasisin zaluntar wanda bai taɓa ka ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Su ma marubutan fim ɗin ba su tsira daga kuskure ba, kuma kuskuren nasu darasi ne. Bayan gubar, sai suka tsallake shekara guda. Morgana ta ɓace, ta dawo muguwa gaba ɗaya, tana murmushin mugunta a bayan kowa, har Gwen da ta taɓa shiga kurkuku dominta. Shekarar da zuciyarta ta juya, wadda ita ce tsokar labarin, ba mu gan ta ba. Sun gina hanya mai kyau har tsakiya, sannan suka ɗauke mu suka dire a ƙarshe.

Yanzu mu dawo gida. Ku buɗe yawancin littattafan da muke turawa a WhatsApp da Wattpad. Tun shafin farko kishiya muguwa ce, uwar miji 'yar bin boka ce, ƙawa maciya amana ce. Me ya sa? Haka nan, marubuciya na bukatar mai gasa wa jaruma gyaɗa a hannu. Ita kuma jarumar tsarkakakkiya ce, ba ta taɓa cutar da kowa ba, aikinta kuka da haƙuri har Allah ya saka mata a babi na ƙarshe. Muna fakewa da karin maganar nan cewa hali zanen dutse. Amma ko zanen dutse wani ne ya zana shi, kuma aikin marubuci ya nuna mana hannun da ya yi zanen. Uwargidan da ta zama muguwa, shekara nawa ta yi tana haƙuri da babu kafin arziki ya zo a yi mata amarya? Wa ya san halin da take ciki ya yi shiru? Idan mai karatu bai taɓa jin tausayin mugunki ba ko da shafi ɗaya, to ba zai ji tsoron zama irinsa ba, wa'azin da kike son yi ya faɗi a banza.

Haka ma amintaccen bara ko aboki. Mukan rubuta shi yana bin jarumi kamar inuwa, biyayyarsa ba ta taɓa cin masa komai ba. Irin wannan ba ya zama a zuciyar mai karatu. Ku tuna akun Magana Jari Ce na Abubakar Imam: don ya kare Musa daga makircin Waziri, sai da ya riƙa tsare shi da labarai yana hana shi abin da yake so. Amanar da aka ba shi ta sa shi saɓa wa son ran yaron da yake tsaro. Wannan karo tsakanin abin da ubangida yake so da abin da ya dace, nan ne labari yake.

Ba ma sai mun je Camelot aro ba. Mu da ke tsakanin Jega, Aliero da Maiyama muna zaune a kan tarihin da ya fi wannan nauyi. Malam Abdussalami yana cikin manyan almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Harin da dakarun Gobir suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Amma bayan rasuwar Shehu a 1817, saɓani ya shiga tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi tawaye daga Kware, aka yi yaƙi, ya rasu a farkon 1818. Daga baya ɗansa Buhari ne ya kafa Jega a ƙarƙashin Gwandu. Ba kwatanta waɗannan bayin Allah da 'yan fim nake yi ba, kuma ba ni da matsayin yanke hukunci tsakaninsu. Abin da ya ja hankalina a matsayin marubuci shi ne, Muhammadu Bello ya rubuta littafi a kan lamarin, Sard al-Kalam, kuma a ciki ya kawo wasiƙun Abdussalami da ƙorafe-ƙorafensa kafin ya ba su amsa. Mutumin da aka yi yaƙi da shi ya bar wa abokin hamayyarsa bakin magana a littafinsa. Mu kuwa mugun da muka ƙirƙira da hannunmu ma ba ma barinsa ya faɗi dalilinsa.

Saboda haka ga aikin gida na wannan mako ga duk mai labari a hannu. Ɗauki mugun labarinka, ka rubuta shafi ɗaya da bakinsa, yana ba da labarin ranar da aka fara cutarsa, ko da ba za ka sa shafin a littafin ba. Sannan ka ɗauki jaruminka, ka nemo mutum ɗaya da ya yarda da shi amma ya ji kunya a hannunsa saboda biyayyar da yake yi wa wani. In ka duba ka rasa, to da sauran aiki a kan jarumin nan.

Ni dai a gardamar motar nan ina bayan yarinyar: Merlin ne ya fara, Morgana ta wuce gona da iri. Wanda yake ganin ba haka ba, ina sauraron hujjarsa, amma ya fara gaya mini abin da zai ce wa Morgana a daren da ta zo masa a firgice.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka.