Thelema: Abin Da Ya Kamata Uwa Ta Sani Game Da Tsafin Turawa A Intanet

 

Idan aka ce tsafi, hankalin yawancinmu yakan tafi wajen boka a bayan gari, da ƙwarya da jan ƙyalle da baƙin zakara. Wannan mun san shi, mun kuma san yadda ake tsare yaro daga gare shi. To, Turawa ma suna da nasu, a rubuce cikin littattafai, kuma a yau duk yaron da ke da waya da data, yana kuma jin Turanci, zai iya cin karo da shi a TikTok ko YouTube yana kwance a ɗakinsa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna shi ne Thelema. Gara uwa ta san shi kafin ta ga sunan a wayar ɗanta ta rasa ta inda za ta fara.

Wane ne ya kafa shi?

Wani Bature ne ɗan Ingila mai suna Aleister Crowley. An haife shi a 1875 a gidan Kiristoci masu tsananin riƙo da addini. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara 11, ya bar masa dukiya mai yawa. Tun yana saurayi ya juya wa addinin gidansu baya. Ya shiga jami'ar Cambridge ya fita bai karɓi digiri ba, a 1898 kuma ya shiga wata ƙungiyar asiri ta masu sihiri a Landan mai suna Golden Dawn.

A watan Afrilun 1904, suna birnin Alƙahira shi da matarsa Rose, ya yi iƙirarin cewa wata murya mai suna Aiwass ta yi masa shifta kwana uku a jere, awa ɗaya kowace rana. Abin da ya rubuta ya zama littafinsu mai babi uku, wanda suke kira Littafin Doka, cike da sunayen gumakan tsohuwar Masar. Kalmar Thelema ta Girkanci ce, ma'anarta nufi ko abin da mutum ya ƙudurta. Koyarwar a taƙaice ita ce kowane mutum yana da wani nufi na haƙiƙa a cikinsa, aikinsa a duniya shi ne ya gano shi ya bi shi, babu wata doka da ke bisa wannan. Mabiyan sukan ce ba son zuciya ake nufi ba. Amma ke uwa, ki yi tunanin yadda ɗan shekara 15 da ke jin haushin dokokin gida zai fassara irin wannan magana.

Me suke yi a aikace?

Babbar ibadarsu ta kullum ita ce gaida rana sau huɗu. Da fitowarta a fuskanci gabas, da tsakar rana kudu, da faɗuwarta yamma, da tsakar dare kuma arewa, kowane lokaci da sunan gunkin Masar da ake kira. Ga Musulmi akwai abin lura a nan. Uku daga cikin waɗannan lokuta, wato fitowar rana da tsayuwarta tsaka da faɗuwarta, su ne lokutan da aka hana mu yin nafila, kuma daga dalilan da malamai ke kawowa akwai gudun kama da masu yi wa rana sujada.

Suna da wani aiki na korar abin da suke kira miyagun iskoki, inda mutum zai tsaya a tsakar ɗaki ya zana tauraro mai tsini biyar a iska ta kowace kusurwa yana jan wasu sunaye da murya. Suna zaman yoga da riƙe numfashi na dogon lokaci. Kowane ɗalibi yana da littafin da yake rubuta duk abin da ya yi da abin da ya ji da mafarkinsa. Suna duba da katin tarot. Babban burinsu shi ne mutum ya kai ga yin magana da wani ruhi da suke cewa shi ne mai tsaronsa, aikin da kan ɗauki watanni ana keɓe.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Cikin darussan da Crowley ya rubuta akwai wanda ke umartar ɗalibi ya zaɓi wata kalma ya haramta wa kansa, kamar kalmar "ni", duk lokacin da ta suɓuce masa sai ya tsaga hannunsa da reza, wai horon harshe. Ya kuma saka shan ƙwayoyi da jima'i cikin wasu ayyukansa na sihiri, har da amfani da jini.

Yadda ta ƙare a Sisili

A 1920 Crowley ya kama wani gida a garin Cefalù na tsibirin Sisili a Italiya, ya tara mabiyansa maza da mata har da ƙananan yara. Gidan ya yi ƙaurin suna wajen ƙazanta da shan hodar iblis da heroyin. A watan Fabrairun 1923 wani matashi da ya yi karatu a Oxford, Raoul Loveday, ya mutu a can bayan ya sha ruwan wani gurɓataccen rafi. Matarsa Betty May ta koma Ingila ta ba jaridu labarin abin da ta ce ta gani, har da tsaga jiki da reza da yanka kyanwa. A shekarar gwamnatin Musolini ta kori Crowley daga ƙasar.

Shi kansa likita ne ya fara rubuta masa heroyin saboda cutar asma, ta kama shi ta ƙi saki. Kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye a 1935. Ya mutu a 1947 a wani gidan haya a garin Hastings yana da shekara 72. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana koyar da mallakar kai ya kasa raba kansa da allura.

Mawaƙa ne suka farfaɗo da sunansa. Beatles sun sa hotonsa a bangon faifansu na 1967, Jimmy Page na ƙungiyar Led Zeppelin ya sayi tsohon gidansa a Sikotilan, Ozzy Osbourne ya yi waƙa da sunansa a 1980. Ƙungiyar O.T.O. da ya shugabanta tana nan har yau, galibi a Amurka da Turai, kuma mabiyanta ba su da yawa. Wannan ma ya kamata mu riƙe, don kada mu ɗora musu abin da ba nasu ba. Masu turo saƙo a Facebook da WhatsApp cewa a biya kuɗin rajista a shiga ƙungiyar asiri a yi arziki cikin mako guda 'yan damfara ne kawai, hotunan taurari da dala suke arowa don su tsorata mutum ko su ruɗe shi.

Abin da uwa za ta lura da shi

Alamunsu sanannu ne: lambar 93 da suke gaisawa da ita, tauraro mai tsini shida da ake zanawa ba tare da an ɗaga alƙalami ba, da kalmar Turanci ta sihiri da aka ƙara wa harafin k a ƙarshe. Ganin ɗaya daga cikinsu a wayar yaro ko a jikin rigarsa bai nuna ya shiga komai ba. Sau da yawa kwalliya ce ya gani ta burge shi, bai ma san ma'anarta ba. Ki tambaye shi cikin natsuwa inda ya gani da abin da ya fahimta. Idan kika fara da ihu da ƙwace waya, gobe zai koyi goge abin da ya kalla, ke kuma kin rufe ƙofar da za ki sani.

Abubuwan da ke buƙatar gaggawa a jikin yaron suke. Ki duba hannuwansa, musamman idan ya koma sa riga mai dogon hannu ko ana zafi. Tsagar reza, ko da wane dalili aka yi ta, tana iya jawo sarƙe-haƙora, idan kuma an yi tarayya a rezar akwai ciwon hanta da ƙanjamau. Yaron da ke yanka kansa yana cikin damuwa, yana buƙatar a ga likita, duka ba ya maganinta. Ki lura da barcinsa, domin tashin tsakar dare kullum yana rikita tunanin matashi ya kuma taɓa karatunsa. Idan ya daina cin abinci da mutane, ya kulle kansa, ko ya ce yana jin murya tana yi masa magana, kada a tsaya jira. Jin muryoyi na daga alamun cutar ƙwaƙwalwa da kan fara bayyana daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da 'yan kai, kuma ana samun sauƙi sosai idan an fara magani da wuri. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ko a fara da babban asibitin da ya fi kusa.

Hukuncin sihiri a addini ba ɓoyayye ba ne, Musulunci da Kiristanci duk sun haramta shi, bayaninsa kuma na bar wa malamai. Abin da zan ƙara shi ne yaron da ke neman irin waɗannan abubuwa galibi yana da tambayoyi ne a ransa: wane ne shi, me ya sa aka halicce shi, wa ke sauraronsa. Ki sama masa malami mai haƙuri wanda ba ya jin haushin tambaya, ke ma ki riƙa zama da shi ko na minti goma ne bayan isha'i, wayarki a ajiye.

Idan kin taɓa cin karo da irin wannan a gidanki, ki rubuto mana a ƙasa yadda kika bi da shi, ba tare da ambaton sunan yaron ba, wata uwar za ta amfana. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare su a fili da ɓoye. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.