Feshin maganin ƙwari a ofisoshi: Illar da ba ta shiga takardar kwangila

Idan aka fitar da sanarwar feshi a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Abuja, ma'aikata kan tashi da wuri ranar Juma'a, su dawo Litinin. Masu feshin da masu sharar da ke fara buɗe ɗakunan, waɗanda akasari 'yan kwangila ne ke ɗaukar su aiki, su ne ke shaƙar abin da aka fesa.

Daga cikin magungunan da suka fi yawo a kasuwa akwai DDVP, sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya, ɗan rukunin oganofosfet. Yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, ya dakatar da sinadarin da ke katse saƙo tsakanin jijiya da tsoka bayan an isar da shi. Sai tsoka ta yi ta amsa kiran da ba ya ƙarewa: gumi, dalalar yawu, tsukewar ƙwayar ido, motsin nama da ƙuncin numfashi.

Haɗarin bai tsaya a ranar farko ba. Bayan kwana 1 zuwa 4 da guba mai tsanani, tsokokin wuya, kafaɗu da na numfashi na iya raunana. Wasu magungunan rukunin kan lalata jijiyoyin ƙafafu bayan makonni, mutum ya fara jan ƙafa. Bincike ya kuma danganta daɗewa ana aiki da magungunan feshi, musamman farakwat na kashe ciyawa, da cutar karkarwa ta Parkinson. Tun 2012 Faransa ta amince da ita a matsayin cutar da aiki ke jawo wa manoma.

A nan gida, hukumomi sun fi mayar da hankali kan kasuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya saboda yawan DDVP a cikinsa. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kantuna, bayan yawaitar kashe kai da shi. Matakan sun shafi mai ci da mai saye, amma mai ɗaukar tankin feshi a baya yana nan inda yake.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya kan cutar da aiki ya haddasa, kuma ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF. Sai dai cutar da ta bayyana bayan makonni ko shekaru tana da wuyar tabbatarwa idan ba a rubuta maganin da aka fesa ba, ba a kuma auna jinin mai feshin kafin ya fara aiki ba.

A nan ne jami'an sayayya da mataimakan manyan sakatarori ke da ta cewa. Kafin a saki kuɗi, ya kamata kwangila ta ƙunshi sunan maganin da lambar rajistarsa ta NAFDAC, safar hannu da takunkumi mai tace guba, awon jini lokaci-lokaci, sa'o'in da za a jira kafin masu shara su shiga, da shaidar biyan NSITF. Ofishin da ya biya kuɗin feshi ba tare da waɗannan sharuɗɗa ba, ya bar wa ƙaramin ma'aikaci kuɗin asibiti.