Ra'ayinmu: Ma'adinan Madina da makomar samarinmu

A watan Satumba na 2022 Hukumar Binciken Ƙasa ta Saudiyya ta ba da sanarwar gano zinariya a Aba Raha da tagulla a Wadil Fara'a, duk a cikin lardin Madina. Mu mazauna Jurf mun ji labarin, mun yi hamdala, sannan kowa ya koma harkarsa. A ganinmu, bai kamata maganar ta tsaya nan ba.

Yau ba da diga ake fara neman ma'adinai ba. Tun daga 1972 da Amurka ta harba Landsat na farko, taurarin ɗan'adam ke ɗaukar hoton ƙasa, har da hasken da ido ba ya gani. Kowane dutse da yadda yake mayar da haske, don haka masana kan gane tsagewar ƙasa da wuraren da ruwan zafi ya sauya duwatsu, inda aka fi sa ran samun ma'adinai. Daga nan sai a je a ɗebo samfuri a tabbatar. Hamadarmu kuwa ba ta da dajin da zai rufe wa tauraro ido.

Wannan ilimi yana kare rayuka ma. Lokacin girgizar ƙasar Al-Ais a 2009, da aka kwashe dubban jama'a, hotunan taurari ne suka nuna yadda narkakken dutse ya tsaga ƙasa daga ciki. Mu da ke maƙwabtaka da Harrat Rahat, wadda ta yi aman wuta kusa da Madina a 1256, ba za mu ce babu ruwanmu ba.

A gida kuma mun ga illar haƙa ba da sani ba: a 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan masu haƙar zinariya a Zamfara.

Abin tambaya shi ne, a ina samarinmu za su tsaya? Ɗaukar kaya a bakin mahaƙa, ko karanta taswira? Yawancinmu daga sakandare muka ajiye karatu muka kama neman abinci. Muna kira ga iyayenmu da dattawan unguwa su tsaya wa yaran da ke da kan lissafi da kwamfuta, attajiranmu kuma su ɗauki nauyin karatunsu, ko a nan ko a jami'o'in Zariya da Kano. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya sa mu dace.